Ranar da Aka Kai Tika Bakin Tafki

"Baba! Baba!"

Muryar yarinyar ce ta tsayar da Sinta cak a bakin titi.

Ranar kasuwar garinmu Moni ce. Motar da ta taso daga birnin Ende ta tsaya gaban masu rogo da ayaba, kwandasta yana ta sauke buhuna. Sinta ta fito ne neman saurayinta Marsel, wanda ya yi alkawarin kai ta wurin tela a babur ɗinsa tun da safe, sannan ya ɓace, waya ma ya ƙi ɗagawa.

Ga shi nan kuwa. Ya durƙusa ya buɗe hannuwa, wata 'yar yarinya mai jar riga ta faɗa ƙirjinsa a guje tana ƙyalƙyala dariya. A bayanta wata mace ce ke saukowa daga mota, fara, siririya, riƙe da jaka ɗaya. Duk wanda ya gan ta ya san ba 'yar tsibirinmu ba ce.

"Yaya Marsel."

Ya ɗago a firgice. "Sinta... af, tela! Na manta..."

"Na ga alama. Wace ce wannan?"

"Erna ce, matar marigayi Yaya Nelis. Wannan kuma 'yarsa, Tika."

Kowa a Moni ya san labarin. Nelis da ƙaninsa Marsel sun tafi Kalimantan, can ƙetaren teku, aikin gonar kwakwar manja. Motar ɗaukar kaya ta kife da Nelis, aka binne shi a can, Marsel ya dawo gida shi kaɗai bara. An san Nelis ya yi aure a can har ya haihu, amma babu wanda ya taɓa ganin matar.

Sinta ta gaishe da baƙuwar. Erna ta amsa a hankali, idonta a ƙasa, sannan ta saci kallon Marsel. Kallo ne gajere, amma Sinta ta gan shi.

Ta ja hannun rigarsa gefe.

"Ka san za su zo?"

"Na sani."

"Ka sani, jiya muna tare har yamma, ba ka faɗa min ba?"

"Ban tabbatar ba ne, jirgin ruwan..."

"Yarinyar da ka bari da ƙyar take tafiya, ita ce ta gane ka daga nesa?"

"Muna magana ta waya. Tana ganina."

"Kullum?"

Ya juya yana kallon yarinyar.

"Baba fa ta ce maka."

"Haba Nona!" Haka yake kiranta idan yana son lallashi. "Ƙanin uba ai uba ne. A nan ma haka muke yi."

Gaskiya ya faɗa, haka muke yi. Amma da ya ɗora yarinyar a kan tankin babur, Erna ta hau baya, suka tafi suka bar ta da yadin aurenta a leda, sai Sinta ta bi su da kallo har suka ɓace.

Ine Rofina, mahaifiyarsu Marsel, ta yi kuka ranar kamar yau aka kawo mata labarin mutuwar. Ta rungume Tika tana shinshina kanta, tana kiran sunan Nelis. An yanka kaza, an dafa jar shinkafa, maƙwabta suka cika gida. Sinta ma ta je ta kama aiki a madafa, kamar yadda ya dace da wadda za ta shigo gidan.

A nan ta fara lura da abubuwa.

Idan ta shigo ɗaki Marsel da Erna suna magana, sai su yi shiru. Idan wata tsohuwa ta ɗaga Tika tana neman wa ta yi kama da shi, sai Marsel ya yi sauri ya karɓe ta, wai zai nuna mata aladu. Wata ta tambayi Erna yadda suka haɗu da Nelis, kafin ta buɗe baki Marsel ya amsa mata.

"Kai ne mijin ko ita ce kurma?" in ji matar, aka yi dariya.

Sinta ba ta yi dariya ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya zo gidansu da yamma, ya zauna a kan babur bai ko sauko ba.

"Zuwan da manyanmu za su yi gidanku... ina so a ɗaga shi kaɗan."

"A ɗaga? Babana ya riga ya gaya wa dangi!"

"Sai su Erna sun zauna tukuna. Ine ba ta da natsuwa yanzu."

"Ine ce ba ta da natsuwa, ko kai?"

"Sinta, don Allah..."

"Har yaushe za ta zauna?"

"Ba ta da inda za ta koma."

"Ba ta da iyaye?"

"Tana da su," ya ce, ya tada babur.

Sinta da gwaggonta Sisiliya suna sayar da kofi mai citta da saƙaƙƙun zannuwa a saman dutsen Kelimutu, inda baƙi ke hawa kallon tafkuna uku masu sauya launi, waɗanda mutanenmu suka yi imani a cikinsu rayukan matattu ke taruwa. Su dai wurin sana'a ne a gare su, sun saba da warin farar wuta da birai masu satar biskit. Wata safiya bayan baƙi sun sauka, Gwaggo Sisiliya tana tauna ganyen siri da goron pinang, bakinta ja wur, ta dubi Sinta.

"Kin rame. Baƙuwar ce?"

"Babu komai, Gwaggo."

"Babu komai ne ya sa kika zuba wa Bature gishiri a kofi? Ke, yarinyar nan shekararta nawa?"

"Uwarta ta ce za ta cika uku dab da Kirsimeti."

Gwaggo ta daina tauna.

"Dab da Kirsimeti?"

"Haka ta ce."

Gwaggo ta ɗaga yatsu tana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya, leɓenta na motsi. Ta tsaya, ta sake daga farko.

"Mene ne, Gwaggo?"

"Shekarar da babansu ya kwanta ciwon ajali. Wa ya dawo jinya?"

"Yaya Nelis."

"Ya zo tun farkon damina. Ya binne uban, ya zauna har aka gama tsinkar kofi, ni da kaina na sayi buhu a hannunsa. Sannan ya koma. Ke kuma kin ce an haihu kafin Kirsimeti." Ta tofar da jan yawu gefe. "Ko akuya ba ta haihuwa da wannan saurin."

Sinta ta ajiye fulas ɗin da ke hannunta.

"Wataƙila uwar ta yi kuskuren..."

"Uwa ta manta watan da ta haihu? To bari in tambaye ki. Duk watannin da Nelis yake nan yana jinya, wa ya rage a can?"

Sinta ta sunkuyar da kai. Ta sani. Marsel bai zo jana'izar uban ba, ya ce kuɗin jirgi na mutum ɗaya ne.

"Ni ban ce komai ba fa," in ji Gwaggo. "Amma kin san tsofaffin gidan nan. A da, idan wa ya mutu, ƙani ke riƙe matar. Kar ki tashi wata rana ki ga an ce al'ada ce."

Ranar Sinta ba ta ci abinci ba. Ta yi ta tuno fuskar Tika, tana neman hancin Marsel, tana neman goshinsa. Wani lokacin ta ga kamar babu, wani lokacin ta ga kamar shi ne sak. Ta tuno saƙonnin da yake turo mata daga can, yana cewa ita kaɗai yake tunani cikin dajin nan. Duk a lokacin ne kenan?

Washegari ta same shi a gonarsu ta kofi yana sassabe. Ba ta gaishe shi ba.

"Na yi lissafi, Yaya Marsel."

"Lissafin me?"

"Watan da aka haifi Tika. Da watan da Yaya Nelis ya koma."

Addar ta suɓuce daga hannunsa. Ta ga fuskarsa ta canza, kuma wannan kaɗai ya ishe ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Au, akwai abin gaya min ɗin kenan!"

"Sinta, rage murya..."

"Kalli idona. Rantse da kabarin babanka cewa yarinyar nan jinin Yaya Nelis ce."

Ya dubi ƙasa.

"Rantse mana!"

"Ba zan iya ba."

Ta dafa bishiyar kofi.

Ya matso ya kama hannayenta biyu, idonsa ya kaɗa. "Nona, ina roƙon ki da girman Allah. Kar Ine ta ji. Yarinyar nan ce ta tashe ta daga kwance, kin ga yadda take cin abinci yanzu. Idan ta ji, zai kashe ta."

"Ine kake tausayi? Ni fa?"

"Ke ai za ki iya riƙewa. Na so in gaya miki bayan aure..."

"Bayan aure!" Ta fizge hannunta. "Bayan ka ɗaure ni!"

"Ba haka ba ne, alkawari na yi..."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bi gangaren a guje, ƙaya na kama zaninta, yana kiran sunanta har ta daina jin sa.

Ta daina ɗaga wayarsa. Ya zo gida, ta ce a ce ba ta nan. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Gwaggo, domin duk lokacin da ta yi niyyar faɗa sai ta tuna Ine Rofina, wadda tun Sinta tana ƙarama take ajiye mata mangwaro.

Ine Rofina ce kuwa ta zo da kanta, a ƙafa, da sandarta.

"Ranar Asabar za mu hau dutse," ta ce. "Zan kai Tika ta gaishe da ubanta. Gawarsa tana ƙasar mutane, amma shi na san inda yake. Ina so ki zo."

"Ine, ina da aiki..."

"Aikin naki ai a can yake. Ke 'yar gida ce yanzu, dole Nelis ya gan ki tare da mu."

Ta kasa cewa a'a.

Sun bar gari bayan rana ta ɗaga, lokacin da masu kallon fitowar rana suke saukowa. Mota ta ajiye su a inda hanya ta ƙare, suka kama hawa a ƙafa ta cikin dogayen bishiyoyi. Ine Rofina tana gaba da sandarta da ɗan kwandon da ta sa shinkafa da taba da ganyen siri. Marsel ya ɗora Tika a wuya. Erna tana gefensa. Sinta ta tsaya can baya, tana kallon su ukun. Duk wanda ya gan su zai ce miji ne da mata da 'yarsu.

Erna ta rage tafiya har Sinta ta iso ta.

"Kina fushi da ni," ta ce a hankali.

"Me kika yi min da zan yi fushi?"

"Ban sani ba. Shi ya sa na tambaya."

"Ki tambayi Baban Tika. Ya fi ni sani."

Erna ta dube ta kamar ba ta gane ba. Sinta ta ce a ranta, kin iya wasan.

Suka fara wuce tafkin miyagu. Bana ruwansa ya koma ja mai duhu, kamar jinin da ya kwana. Erna ta leƙa ta ja da baya.

"Nan ne..."

"A'a," in ji Ine Rofina ba tare da ta juyo ba. "Nan na matsafa ne da masu baƙar zuciya. Ɗana ba ya nan."

Suka ci gaba da hawan matakala har ƙololuwa. Daga nesa Gwaggo Sisiliya ta ɗaga musu hannu daga rumfarta. Tafkin tsofaffi yana can gefe shi kaɗai, baƙi ƙirin, Ine ta tsaya ta gaishe da mijinta a taƙaice. Sannan ta juya ta nufi shingen da ke kallon tafkin samari da 'yan mata, inda waɗanda suka mutu da ƙuruciya suke taruwa.

Ruwan yana can ƙasa sosai, kore-shuɗi mai haske, kamar an zuba madara a cikin shuni. Ko motsi ba ya yi. Erna ta riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu.

"Nelis ya ce min haka yake," ta ce. "Na ɗauka cika baki ne irin nasa."

Ine Rofina ta ajiye shinkafar da ganyen a kan dutse, ta kunna taba ɗaya ta ɗora. Ta yi alamar gicciye, sannan ta fara magana kamar wadda ke kiran ɗa daga gona.

"Nelis, ni ce. Na kawo maka matarka, ta iso lafiya. Ga ƙaninka. Ga Sinta da zai aura, ka san ta. Ga kuma Tika, dubi yadda ta girma..."

Ta goge ido da bakin zani. "Marsel, kawo ta nan. Tsaya gaban yayanka."

Ya matso da yarinyar a hannu.

"Ka faɗa masa da bakinka. Daga yau kai ne ubanta."

Sinta ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Ai dama shi ne!"

Kowa ya juyo.

"Me kika ce?" in ji Ine.

Hawaye suka ɓalle mata. Abin da ta danne duk kwanakin nan ya taso gaba ɗaya. "Ine, ki yafe min, amma ba zan tsaya a yi wa matacce ƙarya a gabana ba! Lokacin da aka samu cikin yarinyar nan Yaya Nelis yana Moni yana jinyar Baba! Wa yake can? Ki tambaye shi! Na ce ya rantse ya kasa!"

Marsel ya yi tsaye kamar an dasa shi. A hankali ya sauke Tika ƙasa.

"Ni?" ya ce. "Sinta... ni kike nufi? Da matar yayana?"

"To wa? Ka ce kar Ine ta ji!"

"Wayyo Allah..." Ya dafe kai da hannu biyu. "Abin da kika ɗauka kenan tun ranar?"

"Marsel," in ji Erna. "Bari."

"A'a Erna, na yi masa alkawari..."

"Kai ka yi, ni ban yi ba." Fuskarta ta yi fari fat, amma ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a gaban Ine Rofina a kan tsakuwa.

"Mama, gaskiya ta faɗa, Tika ba jinin Nelis ba ce. Amma ba ta Marsel ba ce. Marsel bai taɓa ko riƙe hannuna ba." Ta haɗiyi yawu. "Ina dafa wa ma'aikata abinci a gonar. Akwai wani mai kula da lebura, ya ce zai aure ni. Da ciki ya fito sai ya zama yana da mata da 'ya'ya a garinsu, ya tattara ya gudu. Babana ya ce kar in sake taka ƙofarsa. A bayan madafa nake kwana lokacin da Nelis ya dawo daga nan."

Ta numfasa.

"Ya gan ni da cikina, kowa yana nuna ni. Bai tambaye ni komai ba, ya kawo min garin kofin da ya zo da shi daga gida. Bayan sati ya ce mu je coci wurin Fada ya ɗaura mana aure. Na ce masa ka haukace ne? Ya ce, yaron nan yana buƙatar suna, ni kuma ina da shi. Shi ya fara ɗaukar ta ranar da ta zo duniya. Bayan motar ta kife da shi, a asibiti, kafin ya cika, ya sa Marsel ya riƙe gicciye ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba."

Sai yanzu muryarta ta karye. "Ban zo in ci gadonsa ba, Mama. Na zo ne don ya ce idan wani abu ya same shi, in kawo ta nan. Na kawo ta. Gobe za mu tafi."

Sinta ta dubi Marsel, ya kawar da kai.

Iska na kaɗa hayaƙin tabar da ke kan dutse. Tika kuwa ta samu tsinke tana tonon ƙasa.

"Tashi," in ji tsohuwar.

"Mama..."

"Na ce tashi, gwiwarki za ta fashe. Ku yaran nan kun ɗauka ni ban iya lissafi ba ne? Ni na haifi 'ya'ya. Ni nake dafa wa Nelis abinci duk watannin da ya yi a gida. Ranar da ya kira ni ya ce, Ine, na samu 'ya mace, kafin ya ajiye waya na gama ƙirgawa."

Marsel ya ɗago. "Ine... kin sani?"

"Tun kana ɓoye ta a bayan aladu nake kallon ka." Ta share hanci. "Tun da babanku ya mutu ban ji dariya a muryar yaron nan ba sai ranar. Ya ce 'yata. Bai ce 'yar matata ba. To ni wace ce da zan ƙaryata shi? Shi ya zaɓe ta yana da rai, ni zan kore ta yana matacce?"

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki Tika, ta ɗaga ta saitin shinge.

"Ke, ga babanki can. Ce masa sannu."

Tika ta leƙa koren ruwan, ta ɗaga hannu. "Sannu!"

Muryar ta sauka cikin ramin ta dawo. Erna ta rufe fuska, kukan da ta riƙe ya ƙwace.

Ine ta juyo ga Sinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Ke kuma, maganar nan a nan aka yi ta, a nan za ta tsaya. Kin ji ni?"

"Na ji, Ine."

A hanyar sauka Marsel ya yi gaba shi kaɗai. Sinta ta bi shi da gudu har ta kusa faɗuwa a matakala.

"Yaya Marsel... tsaya, don Allah."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka yafe min."

"Da kin ce na yi sata, da na haƙura. Da kin ce ina da wata a Ende ma. Amma matar Nelis? Yana nan yana wanke wa babanmu jiki, ni ina can ina..." Ya kasa ƙarasawa.

"Ka bar ni a duhu! Kuna shiru idan na shigo, ka ɗaga aurenmu, na ce ka rantse ka ƙi. Me kake so in yi tunani?"

"Ki tambaye ni kai tsaye. Ki ce, Marsel, taka ce? Da na ba ki amsa a take."

"Na ji tsoron amsar..."

Ya juyo a lokacin. Idonsa ja, nata ma haka.

"Na ɗaga ne don ban san yadda zan shigar da ke gida da wannan abu a tsakaninmu ba," ya ce. "In faɗa miki, na ci amanarsa. In yi shiru, na ci taki. Kullum da shi nake kwana."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ki ba ni lokaci, Sinta. Zuciyata tana ciwo."

Bai ce mata Nona ba. Ta tsaya a wurin har ya sha kwana.

Lokacin ya yi tsawo. Gwaggo Sisiliya ta yi ta tambaya me aka yi a bakin shinge da ta ga ana koke-koke, Sinta ta ce ita ce ta ji watan haihuwar ba daidai ba, kuma kar ta sake jin maganar. Gwaggo ta harare ta, amma ta bar zancen.

Sinta ta riƙa zuwa gidan Ine Rofina, ko Marsel yana nan ko ba ya nan. Ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wa Tika wanka. Ta roƙi Erna gafara har sau ba adadi, Erna takan ce, "Ya wuce," amma ba ta kallon ta, kuma ba ta taɓa cin abinci kusa da ita ba.

Sai da damina ta kankama, wata rana ruwa ya tare Sinta a hanyar saukowa daga dutse, babur ya tsaya a gefenta.

"Hau, Nona. Za ki yi mura."

Ta hau. Ta kifa fuskarta a bayansa ta yi ta kuka har Moni, shi kuma ya riƙe hannunta ɗaya a ƙirjinsa yana tuƙi da ɗayan.

Bayan Ista aka sa ranar aure.

Da safen ranar, ɗaki cike da mata ana ta faɗa a kan yadda za a ɗaure mata gashi, sai ga Erna a bakin ƙofa. Ta ce a ba su wuri. Matan suka fita suna kallon juna.

Erna ta tsaya a bayanta, ta karɓi mataji, ta warware duk abin da aka yi ta fara daga farko.

"Na daɗe ina jin haushin ki," in ji Erna. "Abin da na rantse ba zan sake faɗa da bakina ba, ke kika sa na faɗe shi a gaban uwar mijina."

"Na sani, Yaya Erna. Na..."

"Tsaya, kar ki motsa kai." Ta soka tsinken gashi. "Amma tun ranar nake barci. Da, kullum jira nake a gane a kore mu."

Sinta ta cije leɓe.

"Nelis ya taɓa ba ni labarinki. Ya ce akwai wata yarinya a garinsu mai sayar da kofi, ƙaninsa yana ganin ta sai ya manta hanya. Ya ce, idan kin je za ki gane ta, bakinta yana riga hankalinta fita. Amma ki yi haƙuri da ita, don ita ce za ta tsaya miki ranar da kowa ya gudu."

Hawayen Sinta suka zubo a kan hodar da aka sha wahalar shafawa.

"Rabin farko dai ya faɗi gaskiya," in ji Erna. Ta sunkuyo, ta haɗa kumatunta da na Sinta, suna kallon juna ta madubi, ita ma idonta ya cika. "Saura rabin na biyu, ƙanwata. Tashi, mijinki yana coci yana ta gumi."